Jitar da Na Cire wa Ƙarafa

Ranar Litinin likita ya sa wa Gwaggo rana. Nan da sati biyu za a yi mata aiki a maƙogwaro, a cire ƙarin da ya fito mata. Ya ce in don rai ne, da yardar Allah mu kwantar da hankalinmu, amma murya kam ba zai yi mana alkawari ba: tana iya dawowa, tana iya dawowa a dishe, tana iya tafiya ke nan. Ni na shiga jero masa tambayoyi. Gwaggo kuwa ta ce to, ta miƙe, ta tambayi likitan wane ne ya ɗinka masa aljihun riga a karkace haka.

Gwaggo ƙanwar mahaifina ce, kuma a hannunta na tashi tun ina shekara huɗu. Tela ce. Shekara arba'in tana taka keken ɗinki a ɗakin da ke bakin ƙofar gidanta, kuma tunda na yi wayo ban taɓa jin keken nan yana tafiya ba tare da waƙa a kansa ba. Waƙoƙin nata ne, ba ta koya a wurin kowa ba, ba ta kuma taɓa yin su a gaban taro ba. Akwai ta marigayi mijinta, akwai ta wata mata da ta kawo yadi ɗan mitsitsi tana son riga har ƙasa, akwai tawa ta shekarar da na faɗi jarrabawa, wadda har gobe in ta ɗauko ta sai na nemi hanyar waje. Goma sha ɗaya ne cif. Duk abin da muke da shi nasu 'yan guntaye ne a wayata, waɗanda na ɗauka a sace shekara biyu da suka wuce, ƙarar keke ta cinye rabinsu.

Ni kuwa makaɗi ne. Jitar bes nake kaɗawa, babbar nan mai tsirkiya huɗu da ke gurnani daga baya, wadda mutane ba sa sanin tana nan sai ta yi shiru. Ina bin wata ƙungiya da ke wasa a otal duk ƙarshen mako. A hanyarmu ta dawowa daga asibiti na ƙudurta a raina cewa kafin wuƙa ta taɓa wuyan matar nan sai an ɗauki waƙoƙinta yadda ya kamata, ko da sama da ƙasa za su haɗu.

Ranar Laraba na kai ta situdiyon wani abokina da muke kira Injiniya. Ƙaramin ɗaki ne a bayan shagon sayar da fitilu, an manne bangonsa da soso, babu taga, an raba shi biyu da gilashi. Da farko muka ce ta yi ita kaɗai. Ta tsaya gaban makirfo, ta buɗe baki, ta rufe. Ta ce ita ba ta san yadda ake waƙa cikin shiru ba, sai da wani abu yana tafiya a ƙarƙashinta. Na ce a je a ɗauko keken, Injiniya ya ce yadda muryarta ta ragu yanzu, keken kawai za mu ɗauka. Sai na ce to ga ni, ni zan zama keken. Na jona jita.

Ba mu yi baiti biyu ba abin ya fara yi min tsami a kunne. Ina danna inda ya kamata, tana rerawa inda ta saba, amma mun ƙi haɗuwa. Injiniya ya yafito mu ta bayan gilashi.

"Duba nan, Mama," ya ce, yana nuna allon kwamfuta. "Waɗannan layukan su ne daidai. Wannan mai yawon kuwa muryarki ce. Kin ga tana faɗawa tsakani? Amma kada ki damu, yanzu zan ɗora ta a kan layi."

Ya yi 'yan danne-dannensa ya kunna. Wata murya ta fito sumul, kamar an yi mata guga. Gwaggo ta saurara har ƙarshe, hannu a haɓa.

"Wace ce wannan yarinyar?"

"Ke ce, Mama."

"A'a, ban san ta ba. Muryarta da daɗi, Allah ya yi mata albarka." Ta ɗauki jakarta, ta dube ni. "In sai an gyara ni sannan za a ajiye ni, a bar ni in tafi da abina. Tashi ka kai ni gida, ina da ɗinkin mutane."

Na kai ta, na koma ɗakina na zauna da jitar a cinya, raina a ɓace. Ban yarda kuskure Gwaggo take yi ba. Mutum ba ya shekara arba'in yana kuskure, kuma ya riƙa sa manya ƙwalla da shi. A wuyan jita akwai 'yan ƙarafa sirara da aka gindaya ɗaya bayan ɗaya, su ke yanke tsirkiya in ka danna. Duk inda ka sa yatsa tsakanin ƙarfe biyu, sautin ƙarfen gaba za ka ji, ba ƙari ba ragi. Na kunna guntun waƙar mijinta a waya, na nemi inda take sauka. Na danna a ƙarfe na uku, ya yi ƙasa. Na danna a na huɗu, ya yi sama. Gwaggo tana tsakiya, kuma muddin ƙarafan nan suna nan ba ni da hanyar zuwa wurinta.

Na san ana ƙera bes marar ƙarafa, mai wuya sumul, amma ban san mai ita a kusa ba, ga shi kwana goma sha biyu suka rage. Jita kuma wannan ce kaɗai gare ni, da ita nake ci, da ita nake sha. Na ƙirga ƙarafan, ashirin ne. Gari na wayewa na saɓa ta sai shagon Kafinta.

Kafinta babban ɗan Gwaggo ne, abokin wasana. Ya girme ni da shekara uku kuma bai taɓa barin in manta ba. Shi ya laƙa min sunan Dumdum tun ranar da ya fara jin kiɗana. Na same shi yana haɗa ƙofar kabad, fensir a bayan kunne, garin katako har a gira.

"Dumdum, yau kuma me ya karye?"

"Ba abin da ya karye. So nake mu cire mata ƙarafan nan duka."

Ya dube ni, ya dubi jitar. "Ka ci abinci kuwa yau?"

Na yi masa bayani. Tun da aka sa ranar aikin nan Kafinta bai taɓa ambatar maganar ba, in an ɗauko ta sai ya tuna yana da katakon da zai auna. Yanzun ma bai ce uffan a kan mahaifiyarsa ba. Ya karɓi jitar, ya ɗaga ta saitin ido, ya rufe ido ɗaya ya leƙa wuyan daga kai zuwa gindi.

"In mun cire ba mayarwa, ka sani ko? Ni dai ba zan iya ba."

"Na sani."

"Ogan ƙungiyar taku fa?"

"Ya ji da kansa."

"To share teburin can. Kuma kada ka taɓa min kaya sai na ce."

Na kwance tsirkiyoyin. Shi kuma ya fita aron ƙarfen narka dalma a wurin mai gyaran rediyo na kusa, wai sai an gasa kowane ƙarfe sannan gam ɗin da ke riƙe da shi zai saki. Ni kuwa gaggawa tana cina. Na ɗauki filaya, na kama gefen ƙarfen ƙarshe, na fizga. Ya fito kam, amma ya taho da ɓallin katako kamar farcen babban yatsa. Ashe ƙafar ƙarfen tana da 'yan haƙora da ke cizon katakon ta ciki.

Kafinta ya shigo ya tsaya cak.

"Minti uku na yi a waje. Minti uku!"

Ya durƙusa cikin garin katako yana lalube har ya tsinto ɓallin, ya hure shi, ya ɗiga gam da tsinke ya mayar da shi mazauninsa. "Daga yanzu aikinka biyu ne, riƙe wuya da yin shiru. In ka iya ɗaya ma na gode."

Sai ya ɗauko awartakinsa na cire ƙusa, wanda ba ya ba kowa aro, ya kai bakinsa kan dutsen wasa wuƙa ya yi ta gogawa har ya zama shafal, don ya iya shiga ƙarƙashin ƙarfe. Awartakin nan ya tashi aiki a wurin ƙusa ke nan har abada. Na gani, amma ban gode masa ba, don in na yi zagina zai yi.

Haka muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya manna salatif a gefe da gefe don kare katakon, ya bi jikin ƙarfen da reza, ya ɗora ƙarfe mai zafi har warin tsohon gam ya tashi, sannan ya sa awartaki ya riƙa ɗagawa kaɗan-kaɗan daga wannan gefe zuwa wancan. Kowane ya fita sai ya jefa shi cikin wani gwangwani, ka ji ƙwal. Kowane ƙwal a ƙirjina nake jin sa. Rana ta karkata kafin mu gama. Na dubi wuyan jitata da tsagogi ashirin a jere, na ji tsoro na gaske, amma ban ji ina son komawa baya ba.

Kafinta ya ce tsagogin ba za a bar su a buɗe ba, in ba haka ba da an ɗaure tsirkiya wuyan zai lanƙwashe. Dole a cike su da sillen katako.

"Fari zan sa maka, ka riƙa ganin inda ƙarafan suke da."

"Baƙi za ka sa. Ba na son in ga ko alamarsu."

"Kai da ko da ƙarafan ma Allah ne ke rufa maka asiri?"

"Baƙi na ce."

Ya tono ragowar wani baƙin katako da ya yi kujera da shi, ya yanko silli-silli, kowane sai ya goge shi ya gwada, ya sake gogewa, har ya shige tsagarsa cif. Muka cika su da gam, muka bar su suka kwana.

Washegari ya bi da kurfi ya aske abin da ya yi tudu, sannan ya naɗa samfefa a jikin wani katako miƙaƙƙe zai fara goga. Na riƙe hannunsa. Na ce fuskar wuyan nan ba shafal take ba, tana da ɗan doro a tsakiya, kuma doron nan shi hannu yake bi. A wurin Kafinta duk katakon da ba miƙe yake ba mai laifi ne, don haka sai da muka yi cacar baki. Ya gindaya rula, ya ga haske yana leƙowa ta gefe biyu, ya ja tsaki ya ce wanda ya ƙera ta bai koyi aiki a hannun kirki ba. Duk da haka ya ɓata awa guda yana sassaƙa wani guntun katako mai kwarmi daidai da doron. Ya zizzana fensir a fuskar wuyan gaba ɗaya, ya miƙo min, ya ce in yi ta goga daga kai zuwa gindi har zanen ya ɓace ko'ina lokaci guda. Na fara da samfefa mai kaushi, na koma mai laushi, na koma wadda ta fi ta. Kafaɗuna suka yi tsami. Da muka shafa mai sau uku, ko ni da na san inda tsagogin suke sai na karkata wuyan a haske nake ganinsu.

Ranar Asabar Injiniya ya ba ni wasu tsofaffin tsirkiyoyi masu santsi, don masu kaushin da nake da su cin katakon za su yi. Kafinta ya sa magagari ya rage ɗan ƙashin da tsirkiyoyi ke hawa a can sama, ya murɗa sandar ƙarfen da ke ɓoye a cikin wuyan da ɗan makullin alanki har suka kwanta kusa da katako. Na jona ta a sifika, na danna, na ja yatsa sama. Ta yi wani kuka mai tsawo, mai laushi, ba gargada ko ɗaya. Har Kafinta ya ɗago kai. Sai na ce bari in kaɗa wata waƙa da na yi shekara da shekaru ina kaɗawa ko ido rufe. Abin da ya fito, da kaza tana kusa da ta gudu. Shekara goma sha biyar ina ɗaukar kaina gwani, ashe kusa da wurin kawai nake dannawa, ƙarafa su ƙarasa min. Kafinta ya yi gaskiya, amma ban gaya masa ba.

Da yammacin ranar na je otal da ita, don ba ni da wata. Bayan waƙa ta uku Oga ya ja ni gefe ya ce in dawo da jita irin ta mutane, ko in huta a gida. Na ce na ji, na naɗe wayoyina. Ba zan ɓoye ba, ya yi min ciwo, shekara shida muna tare. Na fito bakin titi na tsaya ina jiran mota, ina danna tsirkiya ta cikin jaka da yatsun hagu.

Kafinta ne ya kai wa Gwaggo rahoto, don bakinsa ba ya riƙe komai sai abin da ya dame shi. Ta aiko a kira ni. Na same ta a kan keke tana dajiyar wani siket, ba ta ko ɗago ba ta wanke ni tas.

"Wa ya aike ka? Ni na ce ka lalata abincinka saboda surutun tsohuwa?"

"Ba wanda ya aike ni, Gwaggo."

"Ai na sani. Kai ba a aikenka, sai dai a tsinci labari a gari."

"An riga an cire. Ko kin zo ko ba ki zo ba, ba za su koma ba."

Ta taka keken har ƙarshen dajiyar, ta yanke zare da haƙori, ta juya siket ɗin ta duba.

"Lahadi mai zuwa. Sau ɗaya. Ka gaya wa mai kwamfutar nan in ya sake taɓa min murya zai gane kurensa. Kuma kafin ranar kada ka zo ka ce in yi maka waƙa, likita ya ce in yi tattalin ɗan abin da ya rage."

To ga ni da kwana shida, da jitar da ban iya ba, kuma babu Gwaggon da zan gwada da ita. A nan ne dabara ta zo min, irin dabarar da mutum ke yi yana yaba kansa. Na manna doguwar farar salatif a gefen wuyan na sama, inda idona ke gani in ina kiɗa. Na ɗauko guntayen nan na waya, na riƙa kunna kowane baiti sau goma, sau ashirin, ina jan yatsa har in sami daidai inda muryarta ta sauka, sai in sa ɗigo da fensir. Na waƙar mijinta na yi musu ja, na sauran baƙi da shuɗi. Daga safe zuwa yamma nake yi, har maƙwabcina ya daina gaishe ni. Ran Juma'a ɗigona sun haura arba'in, kuma ina iya bin su ba tuntuɓe. In na kunna waya na kaɗa tare da ita, sai ka ce jitar ce ta haifi muryar.

Kafinta ya leƙo ya ga salatif ɗin, ya karanta shi daga sama har ƙasa.

"Ashirin muka cire, ka mayar da arba'in."

Na ce ya tafi ya ji da kabad, bai san kiɗa ba.

Ranar Lahadi da hantsi muka hallara. Kafinta ya ce shi kawo mu kawai ya yi, amma ya bi mu ciki ya zauna kusa da Injiniya a bayan gilashi. Aka sa wa Gwaggo kujera da kofin ruwan ɗumi. Ta ce da ta mijinta za a fara.

Na sa ido a kan jajayen ɗigona, na shiga. Ban kuskure ko ɗaya ba, wallahi ko ɗaya. Amma tsamin nan ya dawo. Bai kai na ranar Laraba nisa ba, sai dai ya fi shi cizo, don yanzu muna dab da juna mun ƙi taɓawa. Tana ƙasa da ni kaɗan. Na ƙara danna ɗigon da ƙarfi kamar ƙarfi zai gyara. Muka tsaya, muka sake, haka dai. Ina ganin yadda take haɗiye ruwan da ƙyar, ina sane kowane gwaji daga ɗan abin da ya rage yake fita. Sai bakina ya riga hankalina.

"Gwaggo, nan wurin kin ɗan sauka. A waya ba haka kika yi ba."

Ta ajiye kofin a hankali, ta miƙo hannu ta ce in matso. Ta shafa salatif ɗin da ɗan yatsa.

"Wannan mene ne?"

"Muryarki ce. Aunawa na yi."

"Yaushe?"

"Daga wanda na ɗauka shekara biyu da suka wuce."

"Ka taɓa ganin na yanka wa mutum yadi da awon shekara biyu? Ko jiya na auna mace, in ta dawo yau sai na sake sa mata tef." Muryarta ta ɗan shaƙe, ta jira ta dawo. "Ranar da ka ɗauki waccan haushin marigayin nake ji, na tuna ya tafi ya bar ni da rufin ɗaki yana yoyo. Yau kuwa, gobe za a kwantar da ni, shi nake son gani. Ta yaya za su fito iri ɗaya?"

Kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa fuskata. Abin da na ji haushin Injiniya a kansa shi na zo na yi, nawa ma ya fi muni, don ni na san ta. Na sa farce na ɓamɓaro bakin salatif ɗin, na ja shi gaba ɗaya, na dunƙule kwana shidan nan na cusa a aljihu. Wuyan ya koma baƙi wuluk, babu komai a kansa.

"To ina zan duba, Gwaggo?"

"Ni mana. Ba ni ka zo bi ba?"

Na jawo kujera na zauna gabanta, gwiwa da gwiwa. Na zare abin sauraro daga kunne ɗaya don in ji ta kai tsaye. Ta fara. Na bari ta sauka, sannan na jawo yatsa daga ƙasa na nufe ta. In sautuka biyu suna kusa ba su haɗu ba, akwai wata rawa da iska ke yi a tsakaninsu. Na ci gaba da ja a hankali, rawar tana raguwa, tana raguwa, sai ta tsaya cik. A baitin farko ina ta makara, ina bin ta a baya kamar mai tsoron taka mata zani. A na biyu na fara lura: kafin ta sauka haɓarta tana ɗan karkata hagu, kafin ta hau wata jijiya tana tashi a gefen wuyanta. A na uku na daina sanin inda yatsuna suke.

Ta cikin gilashi na hango hannun Injiniya yana nufar kwamfuta, sabo ya ja shi. Kafinta ya ɗora tafinsa a kai ya danne, idonsa na kan mahaifiyarsa.

Muka yi ta mijinta, muka yi ta mai ƙaramin yadi. Muka yi tawa ta jarrabawa, inda dariya ta ƙwace mata a tsakiya, aka bar dariyar a ciki. Tsakanin kowace waƙa sai ta kurɓi ruwa ta huta. Na yi kurakurai, suna nan a ciki, duk mai kunne zai ji su. Bakwai muka gama. Ta takwas ta Kafinta ce, ta lokacin da yake koyon tafiya yana riƙe da ƙafar keke. A tsakiyar baiti na biyu muryar ta yanke. Bakinta yana motsi, iska kawai ke fita. Ban tsaya ba, na bar gurnanin ƙasa na ɗauki waƙar kanta a jita, ina bin laɓɓanta har muka kai ƙarshe tare. Ta sha ruwa, ta gwada, ta sake gwadawa. Sannan ta girgiza kai, ta ce da raɗa, "Ya isa."

Washegari aka yi aikin, aka kuma yi nasara, ƙarin ya fita. Muka yi ta godiya ga Allah. Sati ɗaya ya wuce, biyu, wata guda. Murya ba ta dawo ba. Likita ya ce mu ƙara haƙuri, amma yana faɗa yana duba takarda. Gwaggo ta koma kan kekenta, in tana son magana sai ta rubuta a bayan takardar awo, kuma faɗanta a rubuce bai ragu da komai ba.

Wata ranar Talata da rana Injiniya ya gama haɗa aikin, na kai mata. Jitar tana kafaɗata, don yanzu ba na zuwa ko'ina ba tare da ita ba. Muka zauna a ɗakin ɗinki, ni da ita da Kafinta, na kunna. Ta saurara ido rufe, tun daga ta farko. Da aka zo ta takwas, Kafinta ya tuna bai kulle mota ba, ya fita, bai dawo ba sai da ta ƙare.

Da aka yi shiru Gwaggo ta buɗe ido ta ɗaga min yatsu uku.

"Na sani, Gwaggo, waƙa uku ba mu samu ba," na ce. "Ba komai. Bakwai da rabi ma mun gode Allah."

Ta galla min harara. Ta nuna jitar, ta buga benci kusa da ita. Na zauna, na jona ta a 'yar sifikata, na fara waƙa ta tara yadda na tuna ta. Ban yi nisa ba ta girgiza kai. Ta kama ɗan yatsana da nata biyu, masu kanta saboda allura, ta yi min alama in ci gaba da kaɗawa. Ta ja yatsan baya a kan tsirkiya kaɗan, sautin ya sauka. Ta ƙara ja, ya wuce. Ta dawo da shi ɗan ƙiris, ta karkata kai tana saurare, sannan ta danne shi a wurin ta gyaɗa kai. Ta ɗaga shi ta kai shi wuri na gaba.

Har rana ta yi sanyi baiti ɗaya muka fitar. Da na tashi tafiya ta jawo takardar awo ta yi rubutu ta miƙo min: "Gobe ka zo da wuri. Kuma ka yanke farce."